Ban Ci Ba, Ɗanɗanawa Na Yi

Akwai wani tela a bakin wata kasuwa, wanda ko maƙwabtan shagonsa ka tambaya sunansa na gaskiya sai sun tsaya sosa ƙeya. Kowa Sai-Gobe yake ce masa. Ko almakashi bai sa wa yadinka ba, in ka zo karɓar ɗinki zai dube ka ido cikin ido ya ce, "Maɓalli kawai ya rage, sai gobe." Kuma dariya za ka tafi kana yi, don kafin fushinka ya gama tasowa ya riga ya ba ka labari biyu.

Keken ɗinkinsa irin na da ne, na ƙafa. An sha ba shi shawara ya koma na lantarki, ya ce a bar shi. "Wuta ake ɗaukewa. Ƙafata kuwa wa ya taɓa ɗauke ta?"

Da ƙafar nan ta dama ya riƙe gidansa, ya yi wa 'ya'yansa biyu makaranta. Babbar mace ce, malamar firamare, ita yake kira Uwata. Ƙaramin direban motar kamfani ne, gemu har ƙirji, amma a gida har yau Auta ake ce masa.

Matsalar Sai-Gobe ɗaya ce, zaƙi. Shayinsa in ka tsayar da cokali a ciki ba zai faɗi ba.

Sai aka wayi gari ya fara rama. Ƙishirwa ba dare ba rana, kai-kawo banɗaki kamar an aike shi. 'Yarsa Malama ce ta matsa suka je asibiti, aka gwada, aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe yana cinsa ba a sani ba. Da likita ya sa ya cire takalmi sai ga ɗan miki a babban yatsan dama, inda bakin ƙarfen keken yake gogarsa.

"Yaushe ka ji wannan?" in ji likita.

"Ni ai ban ma ji ba. Yanzu muka gan shi tare."

Likita bai yi dariya ba. Ya juya wajen Malama ya ce, "Rashin jin shi ne abin tsoro. Ga magani, a riƙa wanke wurin, ya huta da taka keke. Amma babban aikin a kicin yake. In sugan ya sauka, mikin zai rufe. In bai sauka ba, ƙafar nake jiye masa."

Wannan kalma ta ƙafa ita ta shiga kunnen Malama ta zauna. Ranar ko gida ba ta wuce ba sai da ta sayi ɗan abin gwajin suga. Tana shiga ta kwashe gwangwanin suga, da biskit, da alawar da yake ɓoyewa a cikin aljihun tebur. Duk ledar da ta shigo gidan sai ta buɗe. Auta ne ya fara ce mata Kwastan, kafin mako ya zagayo har Umma, mahaifiyarsu, ta ɗauka.

Da yamma ta tara su a tsakar gida.

"Ni ina ganin mu koma cin abu ɗaya gaba ɗaya. Abin da Baba zai ci, shi kowa zai ci."

Auta ya zaro ido. "Yaya, mu kuma laifin me muka yi? Mutum ya yini a kan sitiyari ya dawo a miƙo masa ganye?"

Umma ta ce, "Ke ma dai. Don mutum ɗaya ba shi da lafiya ba za a mayar da gida asibiti ba. Ki yi masa nasa, in yi mana namu."

Haka aka koma tukunya biyu. Kuma don kada ransa ya biya, aka ce ya riƙa ci a ɗakinsa. Mutumin da tun da aka san shi a tsakiyar iyalinsa yake cin abinci, yana ci yana tsokana har wani ya ƙware, yanzu shi da bango. Ƙamshin suyar Umma kuwa ba ya neman izini, ta ƙarƙashin ƙofa yake shiga.

Ita Malama tsoro ne ya yi mata jagora. Abin da likita ya ce a rage, ta cire. Abin da ma bai ambata ba, ta haɗa da shi. Ba mai, ba gishiri, ba yaji. Dafaffen kabeji, dafaffen wake, kifi fari fat kamar an wanko shi.

Ranar farko ya buɗe kwano ya daɗe yana kallo.

"Uwata, akuyar wa muka karɓo kiwo?"

"Baba ka ci, don Allah."

"A'a, ina tambaya ne, kada in cinye mata abinci ta zo tana kuka."

Ta tsaya a kansa hannu a ƙirji har ya gama. Kullum haka take yi. Ba ta zama, tsayawa take tana lura da kowace loma.

Ana nan ana nan, abu ya ƙi. Duk safiyar da ta soki yatsansa, abin gwajin sama yake nunawa. Mikin kuwa maimakon ya rufe sai ƙara baki yake. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, tsakaninka da Allah, kana cin wani abu a waje?"

"Wallahi ban ci ba."

Ta yarda. Ubanta zai yi maka ƙaryar ɗinki sau goma, amma tun da take ba ta taɓa jin ya rantse a kan ƙarya ba. Ta tambayi Umma ko tana ba shi abincinsu, Umma ta ce ko loma. Ta tambayi Auta, ya ce shi ina ya ga abinci, shi da ba ya ma shiga kicin.

To in ba wanda ya ba shi, kuma bai ci ba, laifin na wa ke nan? Na mai girki. Haka ta yanke wa kanta hukunci. Ta ƙara rage masa. 'Yar shinkafar da take sa masa a gefe ta ɗauke. Ya zama in ya tashi daga cin abinci kamar bai zauna ba.

Da suka koma asibiti wata nas ta duba sakamako, ta dubi ƙafar, ta ce, "Wa ke masa girki?"

"Ni ce."

"To ki ji tsoron Allah, baiwar Allah. Mahaifinki ne fa."

Malama ta karɓi takardar sakamakon suka fito.

A gida kuma ga Gwaggo, yayar Sai-Gobe, wadda in ta shigo tun daga ƙofa ake sanin ta zo. Ta dubi ɗan'uwanta, ta tafa hannu.

"Innalillahi! Ke yanzu wannan jinya ce ko horo? Kin mayar min da ƙane ƙashi da fata. Ciwon bai kashe shi ba, yunwa za ta kashe shi."

"Gwaggo, likita ne ya ce..."

"Likita ya ce, likita ya ce. Likitan ne ya goya shi?"

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ranar da ta biya shago daga makaranta. An ce ya huta, shi kuwa ga shi yana taka keke, ya sa safa mai kauri ya rufe bandeji. Sai ta shiga buɗe aljihunan tebur, tana ɗaga yadi, tana zazzage gwangwanin maɓallai, a gaban masu jiran ɗinki. Zare da alli kawai ta samu.

Ya tsayar da keken. Fuskarsa ba wasa ko kaɗan, abin da ba ta saba gani ba.

"Kin gama, Kwastan? Ko in cire riga?"

Bai taɓa kiranta da sunan nan ba sai ranar.

"Baba, ƙafarka nake..."

"Ƙafata ce, ba taki ba. Ke dai Allah bai sa miki tausayi ba, shi ke nan."

Ta fita ta koma gida. A kicin ta yi kukanta, tana yanka kabeji tana share ido da bayan hannu. Ta gama ta dafa, ta kai masa, ta tsaya a kansa kamar kullum.

Daga ranar ya daina bari ta wanke masa mikin. Ya ce shi ba yaro ba ne, zai yi da kansa. Ita kuma don kada a sake faɗa, ta ƙyale shi.

Wata rana tana cikin aji mai shagon kusa da nasa ya kira ta a waya. Ya ce ta zo maza, an tarar da Sai-Gobe ya kifa kai a kan keke, jikinsa zafi kamar garwashi. Da aka zare safar a asibiti, nas ɗin da ta saba da ganin komai sai da ta kau da kai. Yatsan ya yi baƙi, kumburi ya haye har idon sawu. Aka ba shi gado, aka ɗaura ruwa, aka ce za a ga abin da magani zai yi.

Ana cikin wannan jiran ne, wata rana da la'asar, Malama ta fita wanke kwanuka a famfon bayan ɗakin. Da ta dawo ta tarar da Umma da Auta sun iso, Gwaggo kuma tana zaune a bakin gado da kofi a hannu, tana tsiyaya wani abu daga kwalba tana juyawa da cokali.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Zuma ce."

"Zuma?"

"Ke kuma meye na zaro ido? Zuma ai magani ce, ba suga ba ce. Kullum da hantsi nake kai masa shago tun da kika fara wannan horon naki. In ba don ita ba da tuni ya faɗi. Shi da bakinsa ya ce min duk dangi ni kaɗai ce mai tausayinsa."

Auta, da yake jingine da bango, ya miƙe tsaye sosai.

"Ke kaɗai? Gwaggo, haka ya ce miki?"

Hannunsa yana kan aljihun rigarsa. Malama ta bi hannun da kallo. Ga kan kwalbar lemo ya leƙo.

"Auta."

"Yaya, wallahi ƙarama ce. In na taso aiki nake biyawa shago. Ya ce maƙogwaronsa ne ke bushewa, ya ce ni kaɗai ne na san zafinsa, kada in gaya miki. Kuma ke abinci kika tambaye ni. Lemo ai ba abinci ba ne."

Ba wanda ya ce wa Umma komai. Ita ce da kanta ta nemi kujera ta zauna. Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Madarar gwangwani ce, mai kaurin nan," ta ce a hankali. "In kin tafi makaranta. A shayi, da ɗan burodi. Shekara nawa ina haɗa masa shayi, ya dube ni ya ce Maman yara ke ma kin juya min baya? Na ɗauka ni kaɗai ce. Na ce ɗan wannan me zai yi?"

Har mai jinyar gadon kusa ya daina fifita.

Malama ta ajiye kwanukan a ƙasa. Ta matsa kusa da kan gadon.

"Baba, ka rantse min. Ka ce wallahi ba ka ci ba."

Ya buɗe ido. Ya yi ƙoƙarin irin murmushin da yake yi wa masu karɓar ɗinki, amma bakin ya ƙi.

"Ai ban ci ba, Uwata. Ɗanɗanawa na yi. Ci shi ne mutum ya zauna ya ƙoshi."

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma sai ya bari. Ya juya fuska wajen bango, ya ce:

"Ba zaƙin ba ne kaɗai. In yayata ta kawo, zama take mu yi hira. In Auta ya kawo, sai ya ja benci ya ba ni labarin hanya. Ke kuwa ki ajiye kwano ki tsaya a kaina kamar mai tsaron jarrabawa, ina jiyo su a waje suna ci suna dariya. Na san don ni kike yi. Amma wallahi a ɗakin nan ji nake kamar an riga an cire ni daga gidan."

Wannan maganar ta fi ta nas zafi, ta fi ta Gwaggo. Malama ta fita baranda ta riƙe ƙarfe. Duk tsawon lokacin nan tana gadin ƙofar gida, ba ta taɓa jan kujera ta zauna kusa da shi ba.

Washegari likita ya tara su. Bai zagi kowa ba. Ya ce ciwon ya riga ya ci jijiyoyin ƙafar tun kafin a gano shi, ga taka keke, ga ɓoye mikin, sannan ga sugan da bai taɓa sauka ya ba wurin damar warkewa ba. Ya ce ruɓar ta wuce idon sawu, in aka ƙara jira ran ne zai tafi. Sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Auta ya durƙushe a wurin, ƙato da gemu, yana kuka kamar an kwace masa abu.

Sai-Gobe ya dubi likita. "Ta dama ce fa, likita. Ba a musanya? Ta hagun nan ba aikin da take min."

Likita ya dafa kafaɗarsa kawai.

Aka yi aikin, Allah ya sa ya tashi.

Kafin a sallame su, wata ma'aikaciya mai koya wa majinyata tsarin abinci ta zaunar da su gaba ɗaya, har Gwaggo. Ta tambayi Malama abin da take dafawa. Da ta ji sai ta girgiza kai.

"Ƙanwata, wa ya ce miki mai suga ba ya cin daɗi? Sa albasa, sa tumatir, sa kayan ƙamshi. Ɗan mai daidai, gishiri kaɗan. Ki gasa kifin, ki soya ƙwai da ganye. Shinkafar ma ba haramun ba ce, a rage ta ne a cika kwanon da wake da ganye. Yunwa ba magani ba ce, ita ke tura mutum roƙo." Ta juya wajen sauran. "Zuma kuwa zaƙi ce, lemo zaƙi ne, madarar nan zaƙi ce. Jiki bai san wa ya kawo ba, kuma bai san da ƙauna aka kawo ba. Tarawa kawai yake."

A bakin ƙofar asibiti Gwaggo ta kamo hannun Malama. Matar da ba a taɓa jin ta ba wani haƙuri ba.

"'Yar nan, ki yafe min. Na zage ki a kan gaskiyarki."

"Gwaggo, ni ma da nawa."

Tun daga ranar da ya dawo gida tukunya ta koma ɗaya. Ba taro aka yi ba, ba wanda ya ba da umarni. Umma ce ta ɗauki ƙaramar tukunyar ta kife a saman kabad. Auta yana cin wakensa da ganye ba ƙorafi, in ya ɗago ido ya ga inda zanen ya lotsa a ƙasan gwiwar ubansa sai ya sunkuyar da kai. Sugan ya fara sauka sannu a hankali. Ɗinkin da aka yi wa dungun ya kama lafiya, ya rufe. Abin da suka yi ta nema a yatsa, ya zo bayan yatsan ya tafi.

Sai-Gobe dai ya yi shiru. Yana ci, yana godiya, yana kallon rufi. Gidan da ake ƙwarewa da dariya ya koma sai ƙarar cokali.

Wata safiya Malama ta shiga da abin karyawa, nata da nasa a tire ɗaya. Ta tarar yana mutsu-mutsu a kan gado, yana miƙa hannu ƙasa yana dawowa da shi.

"Baba, lafiya? Ciwo yake?"

"A'a." Ya kau da ido, kamar mai jin kunya. "Ƙaiƙayi take min."

"Gwiwar?"

"Tafin ƙafar. Tsakiya. Na san ba ta nan, Uwata, ban haukace ba. Amma tun asuba take min ƙaiƙayi, na kai hannu in tarar da katifa."

Ta ajiye tiren. Ta zagaya ƙarshen gadon ta durƙusa. Ta duba inda ƙafar hagu ta tsaya, ta auna gefenta, ta sa farce a kan zanen gado, a wurin da babu komai, ta fara sosawa.

Ya ɗago kai yana kallonta. Ta ci gaba.

"Sama kaɗan," ya ce.

Ta matsa sama.

"Wajen yatsa. Yauwa. Nan. Nan ɗin."

Ya mayar da kai kan matashi ya lumshe ido. Dariya ta kufce masa, irin tasa ta da, har kafaɗunsa na rawa, ita ma ta kama. Ba su san inda dariyar ta tsaya kukan ya karɓa ba. Hawaye yana gangara masa cikin kunne, ita kuma nata yana ɗiga a kan zanen, hannunta bai daina sosawa ba.

Darasi: In akwai mai ciwon suga a gidanku, kada ka ce naka ɗan kaɗan ne, don ba ka san mutum nawa ke kawo nasu ɗan kaɗan ɗin ba. Tausayin da ake yi a ɓoye yana iya cin ƙafar wanda kake so. Kai kuma mai kula da shi, kada ka zama ɗan sanda, ka gyara girkin ya yi daɗi, ka bi abin da likita ya ce, ka ja kujera ku ci tare. Jinyar suga ta gida guda ce, ba ta mutum ɗaya ba. Ku tura wannan ga 'yan'uwanku, musamman waccan gwaggon da wancan autan da kuka tuna yanzu kuna karantawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.